Salansar Motar Alhaji Dawuda

Ranar da Wada ya dawo da motar daga garejin Hubert ina tsakar gida ina wanke tumbi da hanjin da maigidana ya aiko daga mahauta. Sai na ji gurnani ya taso daga bakin layi, yana tafe yana fashewa fat-fat kamar ana harbi. Kwanon ya kuɓuce mini. A shekarun nan, wanda ya ji irin wannan ƙara a Garwa ba ya tsayawa tambaya, yaransa yake fara tattarawa. Da na leƙa sai na ga baƙar motar nan ta Jamus, motar maƙwabcinmu Alhaji Dawuda dillalin shanu, wanda ba a daɗe da yin sadakar arba'in ɗinsa ba. Ƙanensa Wada, mai ce masa Hamma, shi ne a ciki, gwiwar hannu a taga, haƙora duk a waje.

Samari suka kewaye shi. Bai jira an tambaye shi ba.

"Kilafe ake ce musu," in ji shi, yana nuna ƙarƙashin motar da makulli. "Wasu 'yan marafai ne biyu a cikin salansa. In suna rufe, mota ta yi ta sanɗa. In sun buɗe, ta faɗi abin da ke cikinta. Hamma ya bar su a rufe tun ranar da ya saye ta. Hubert ya kawo wani ƙarfe daga Duwala, ya cire ɗan injin da ke juya su, ya tokare su a buɗe, ya liƙa wani abu a wayar don kada jar fitila ta kama a gaban direba. Yanzu ko ka danna maɓallin har yatsa ya yi ciwo, ba ruwanta."

Wani tsohon mahauci da ke zaune a dakali ya girgiza kai. "Allah ya jiƙan mai motar nan," ya ce. "Shi in zai shigo layi ko kaza ba ta ɗaga kai."

Ina kallo fara'ar Wada ta gushe. Ya koma ciki ya taka mai sau da yawa, har tsohon ya ɗauki buzunsa ya ƙara gaba.

Abin da ke cin Wada ke nan, kuma duk layin an sani. An binne wansa, amma bai daina kishi da shi ba. Malam Sulaimanu, limaminmu, ya ce ba za a raba gado ba sai matar marigayi, Mairamu, ta haife cikin da aka bar ta da shi. Wada ya karɓi makulli da sunan yana ɗumama mota kada batir ya mutu. To amma duk inda ya bi, daga kasuwar shanu ta Adumri har bakin gadar Binuwai, mutane sai su ɗaga wa motar hannu da girmamawa, in sun hangi wanda ke ciki su sauke a hankali. Masu gadi suna cewa ga motar Alhaji Dawuda. Masu sayar da mai su ma haka. Ba zai iya sauya mata fenti ba, Malam zai yi magana, shi ne ya sauya mata murya.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Garejin yana manne da ɗakin Mairamu, tagar ɗakin kuma cikin garejin take kallo. Alhaji da kai yake shiga, salansa tana kallon titi. Wada ya ce wannan ajiyar ƙauyanci ce, babbar mota da baya ake shigar da ita don masu wucewa su ga fuskarta. Saboda haka bututun salansar guda biyu suka koma daidai ƙarƙashin tagar, taku kaɗan daga inda take ɗora kanta.

Washegari bayan sallar asuba ya tayar da ita. Ni da ke bayan katanga sai da ƙirjina ya buga. Da hantsi na shiga duba Mairamu, na same ta zaune a bakin gado da farin mayafinta na takaba, hannu biyu a kan ciki. Ɗakin yana warin hayaƙi.

"Adda Karimatu," ta ce mini, "wuntsilawa ya yi. Wallahi na ɗauka fitowa zai yi ta ƙirjina."

Wannan ciki shi ne duk abin da ya rage mata. Shekaru suna tare da Alhaji ba haihuwa, sai da ya kusa tafiya Allah ya kawo. Ba ta maganar shanu, ba ta maganar gida. Burinta ta ga fuskar yaron, a raɗa masa sunan ubansa.

Da la'asar ta tsaya bayan labule ta kira Wada, murya ƙasa-ƙasa kamar yadda mai takaba ke yi.

"Wada, don Allah akwai wani maɓalli kusa da giya. Alhaji yakan danna shi in ya kawo kan layi. In ka danna sai ta yi shiru."

"Wannan zamanin ya wuce, Adda," ya ce. "Hamma ya danne motar nan kamar yadda ya danne kowa a gidan nan. Ke kin san abin da na gani? Tun muna yara ni ne mai riƙe igiya, shi ne mai cinikin sa. Yanzu ma yana kabari sai a ce mota ta yi numfashi yadda yake so?"

"To ka juya ta, bayan ya kalli titi."

"In goge gaban a bango? Dukiyar maraya ce fa. In ta ƙwarzane ke za ki fara cewa na ɓata wa ɗanki kaya."

"Ka ajiye ta a waje mana."

"A Garwa? A ranar nan ta watan Maris? Kafin sati fenti ya ƙone, ɓarayi sun kwashe madubai."

Kowace magana yana da amsarta a aljihu, kuma kowace amsa da sunan maraya yake rufe ta. Ban taɓa jin wanda ya ambaci maraya da yawa kamar Wada ba, ban kuma ga wanda ya fi shi tsanar ranar zuwansa ba.

Mairamu ta kai kuka wurin surukarta, Hajiya Hindu, wadda kowa ke kira Dada. Ta roƙa a bar ta ta koma ɗakin baya, can kusa da rijiya, har ta haihu. Ina wurin. Dada tana jan carbi, ba ta ko ɗaga kai ba.

"A gidan nan mace a ɗakin da mijinta ya bar ta take takaba," ta ce. "Haka na yi, haka uwar mijina ta yi. In aka ga an kwashe kayanki an kai bayan gida, me Hausawan Garwa za su ce? Su ce ƙasar kabari ba ta bushe ba mun kore ki."

"Dada, ba na barci."

"Wace mai ciki ce take barci? Ki yi haƙuri da yaron nan. Wancan," haka take kiran marigayi, don ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, "wancan ya sha gabansa a komai. Yau ya samu ɗan abin da yake faranta masa rai, sai mu hana shi? Shi kaɗai ya rage mini."

Na ce, "Dada, ai Malam ya ce cikin gida ɗaya sauya ɗaki ba laifi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Useko, mun gode, Karimatu. A gaida mutanen gida."

Kora da hali ke nan, na kuwa ɗauki mayafina.

Daga nan kwanaki suka yi ta lalacewa. Wada ba sau ɗaya yake tayar da motar ba. Da asuba ya ɗumama ta, da hantsi ya fita, ya dawo cin abinci, ya fita, ya dawo ya ɗauki hular da ya manta. In baƙo ya zo sai an kai shi gareji ya ji. Mairamu ta toshe tagar da wata 'yar katifa da tsofaffin zannuwa, ɗakin ya koma tanda, ga wuta ana ɗaukewa rabin yini, fanka ba ta juyawa. Ta cire katifar, hayaƙi ya shigo. Ta sa auduga a kunne, amma ƙarar ba ta kunne kaɗai take shiga ba, ta gado take hawowa. Kwanukan da ke jere a kabad sai su yi ta kaɗawa. Ko motar ba ta nan Mairamu ba ta samun sukuni, tana zaune tana jiran dawowarta. Babur in ya wuce sai ka ga ta zabura.

Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga. Fuska ta yi suntum. Ta ce kanta yana sarawa ta ƙeya, tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a ido. Na je na kira Madam Georgette, ungozomar asibiti da ke haya a ƙarshen layinmu. Ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta fita tsakar gida.

"Tansiyo ɗinta, wato jininta, ya hau sosai," ta gaya wa Wada da Dada, da Hausarta mai gauraye da Faransanci. "Ga magani. Amma magani kaɗai ba zai yi ba. Tana son hutu, tana son shiru. In ba za a samu a nan ba, ku ba ni ita in kwantar a asibiti."

"Mai takaba ta kwana a waje?" in ji Dada. "Ba a gidana ba."

"To, Misye Wada, motar nan ta daina ihu."

Wada ya yi dariya. "Madam, matan da ke zaune bakin tashar manyan motoci fa? Ba sa haihuwa? Ai gara yaro ya saba tun yana ciki. Namiji ne in Allah ya so, ko ba haka ba? Kowa jiransa yake kamar gwamna zai sauka."

Ya faɗi hakan yana dariya, amma idonsa ba dariya. A gidan nan kowa ya shigo cikin ake tambaya. 'Yan ta'aziyya daga Banyo, abokan ciniki daga Pitowa, kowa sai ya ce Allah ya sauke ta lafiya, Allah ya sa magajin Alhaji ne. Ba wanda ya taɓa cewa Allah ya riƙa wa Wada. Yana ji, yana haɗiyewa.

Satin da ya biyo baya wani yaron ɗan kasuwa daga Marwa ya shigo gari da mota ja mai ƙara, aka yi ta zancenta a majalisa. Wani ya ce ta fi ta Alhaji Dawuda murya. Abu biyu suka soki Wada a maganar, an ce an fi shi, kuma har yanzu ba a ce motarsa ba. Ya koma wurin Hubert. Wannan karon tukunyar tsakiyar salansar aka yanke gaba ɗaya, aka yi waldar miƙaƙƙen bututu a gurbinta. Da ya dawo, yaran makarantar allo na bayan layi sai da suka watse.

Mairamu ta daina kai ƙara. In na shiga sai in same ta a ƙasa, a lungun da ya fi nisa da tagar, ta jingina da bango tana shafa cikin tana yi masa magana.

"Da yana harbi in ta tashi," ta ce mini wata rana. "Yanzu lafewa yake yi. Adda, tsoro yake ji ko gajiya ya yi?"

Raina ya ɓaci har na sa maigidana ya tare Wada a masallaci. Amsar da ya samo ita ce, da Hamma ne ya yi wa motar wannan aikin da duk layin sun ce burgewa ce.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko, Wada ya zo da abokansa, har da mai jar motar, don a raba gardama. Suka tsaya a bakin gareji. Ya shiga ya tayar, ya taka mai har ƙasa, ya saki, ya sake takawa. Suna ihu suna ɗauka a waya. Ina cikin kwashe tuwo na ji muryar yarinyar da ke musu aiki ta kan katanga tana kiran sunana.

Na sami Mairamu a durƙushe a bakin ƙofarta, jini ya jiƙa farin zanen har ƙasa. Cikin bai cika wata takwas ba. Dada tana tsaye tana salati, tana cewa a kawo garwashi a yi hayaƙi. Na tura a kira Georgette, Allah ya sa tana gida. Tana zuwa ta duba ta ce, "Asibiti, yanzu-yanzu!"

Ba wata mota a layin sai ita. Muka shimfiɗa Mairamu a kujerar baya, kanta a cinyata, Georgette ta durƙusa a wajen ƙafafunta. Na'urar sanyi ta daɗe da mutuwa a hannun Wada, dole aka sauke gilasai. Ya ja muka fita.

Ban taɓa shiga motar ba sai ranar. Daga waje ƙara ce, daga ciki kuwa kamar an kifa maka turmi a ka ana daka. Georgette tana yi mini magana, bakinta kawai nake gani. Ta daki kafaɗar Wada ta nuna masa kunnenta. Na ga ya kai hannu kusa da giya yana danna maɓallin nan, yana sake dannawa, shi da ya fi kowa sanin ba abin da zai yi. Ya sassauta gudu, ƙarar ta ɗan ragu, Georgette ta dubi jinin ta yi masa ihu ya taka. Ya taka.

Muna kan babban titi yaron ya zo. Namiji ne, ɗan mitsitsi, bai fi tafin hannu biyu ba. Georgette ta juya shi, ta share masa baki da yatsa, ta murza bayansa. Na ga hannunsa ya motsa. Na ga bakin ya buɗe. Ta ɗora shi a ƙirjin uwar, ta sa abin sauraronta a kunne ta manna masa, ta runtse ido, can ta fizge shi ta yar a ƙasa don ba ta jin komai sai salansa. Ta yi ta hura masa iska a baki har muka shiga ƙofar asibiti. Da Wada ya kashe motar, shirun da ya sauka ya yi yawa. Yaron ba ya motsi.

Likitoci suka karɓi Mairamu, aka yi mata ƙarin jini, ta rayu.

Kafin magariba aka kawo gawar gida a naɗe cikin zane. Malam Sulaimanu ya zo, ya zauna a zaure, ya sa aka kira mu da muke cikin motar. Ya yi bayani a hankali, don Georgette ta gane. Jaririn da ya yi kuka bayan ya faɗo, ya ce, ya shigo duniya ke nan: a yi masa wanka, a raɗa masa suna, a yi masa salla, kuma ya gaji ubansa. Wanda bai yi kuka ba, a naɗe shi a binne kawai.

"Madam, ya yi kuka?"

Georgette ta ce, "Malam, na ga bakinsa ya buɗe. Na ga ƙirjinsa ya ɗaga. Amma ji, ban ji ba. A motar nan ko ni na yi kuka ba wanda zai ji."

"Karimatu?"

Wallahi na so in ce na ji. Harshena ya ɗauko maganar. Amma a gaban gawa ake tambayata, da sunan Allah. Na ce abin da Madam ta gani shi na gani.

"Wada?"

Kansa yana ƙasa. "Ni ina tuƙi, Malam. Ban ji komai ba."

A duk maganganun da ya yi tun rasuwar wansa, wannan ce kaɗai na tabbata gaskiya ce.

Malam ya share fuska da hannu. Ya ce motsi ba shaida ba ne, buɗe baki ba shaida ba ne, shi ba zai iya yanke hukunci a kan abin da kunne bai ji ba. Aka ɗauki yaron a hannu aka tafi da shi maƙabarta, ba sahu, ba kabbara, ba suna.

Washegari gida ya cika da masu jaje. Dada tana gaya wa mata cewa kwana ne ya ƙare, kuma dama Mairamu ba ta da ƙwari, ga ta da sa abu a rai. Wata ta ce matan yanzu ba sa jure ciki. Wata ta ce ai an gode Allah da akwai mota a gidan, da ba a kai ta da rai ba. A waje Wada ne zaune a tsakiyar tabarma, inda wansa yake zama, dattawa suna durƙusawa suna miƙa masa hannu suna cewa Alhaji Wada, sai haƙuri. Ba wanda ya ambaci salansa. Gidan mutunci ne, ba a son tonon zance.

Haihuwar ta fitar da Mairamu daga takaba. Daga asibiti ba ta koma gidan ba, 'yan'uwanta suka zo daga Maiganga suka tafi da ita. Na je sallama a tasha. Ta rame, idanun sun faɗa. Ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ya yi kuka, Adda Karimatu. A ƙirjina yake. Ban ji da kunne ba, amma na ji shi a nan, jikinsa yana karkarwa kamar yadda na jarirai ke yi in suna tsala ihu. Ni ba wanda ya tambaye ni."

Na koma na gaya wa Malam. Ya ce Allah ya ba ta haƙuri, an riga an binne.

Tana kirana a waya lokaci-lokaci. Mu gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi zafin Garwa. Daga nan ni na san abin da ke tafe.

"Adda," takan ce, "kanki yana kusa da shi. Don Allah ki sake tunawa da kyau. Ko ɗan ƙanƙani ba ki ji ba?"